Kawu Ilu da Titunan Ruwan Rotadam

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na unguwar Misfala a Makka a zamanin Kawu Ilu ya san abin da ke biyo bayan gaisuwa. Baƙo bai gama cewa "lafiya lau" ba, Kawu ya riga ya jawo sandarsa ya fara zane a tsakar gida, layi nan, layi can, yana ƙwaƙular ƙasa kamar mai shirin shuka gyaɗa. Sai ya ɗaga murya ya kira ruwa da Larabci: "Hamidu! Moya!" Ni ne Hamidun, ɗan ƙanwarsa da ya riƙa tun ina goye, kuma ni ne mai ɗauko ruwan. A kafaɗa nake kawo shi daga bazan, matattarar ruwan unguwa, garwa biyu a jikin sanda, sana'ata ke nan. Kawu zai karɓi buta cike ya tsiyaya cikin layukan nan a hankali har ruwan ya haɗu, sannan ya dubi baƙo ya ce, "To, bismilla. Ka iso Rotadam."

Abin haushin, mutumin nan fa da finjali biyu yake alwala. Finjalin gahawa! Kuma sai ya tara tasa a ƙasa, abin da ya ɗiga a ba akuya. In matarsa Inna Delu ta ɗauraye ƙwarya sau biyu, sai ka ji shi daga zaure: "Israfi, Delu! Israfi!" Amma a zo batun Rotadam, buta uku ba ta yi masa yawa ba.

Ga yadda abin ya samo asali, don na san wasunku ba su taɓa jin farkon ba. Yana da ƙuruciya ya sauka Jidda neman aiki, ya samu shiga jirgin ruwan Turawan Hulanda mai jigilar alhazan Jawa, wani tsibiri da suke mulka a gabas, yana zuba gawayi a wutar inji. Jirgin ya samu matsala, aka kai shi garinsu Rotadam gyara, Kawu ya yi kwana arba'in a can. Kwana arba'in kacal, jama'a, amma mu muka biya su shekara da shekaru.

Zango bakwai ya raba garin, kuma ba a tsallake. "Baƙon farko ba ya gaggawa," in ji shi. Zangon farko, ka tsaya bakin ruwa ka ga gadar ƙarfe da ke tashi sama ɗungurungum don jirgin ruwa ya wuce, jirgin ƙasa na tsaye yana jira kamar bawa. Na biyu, ka shiga ƙaramin kwalekwale ka bi titunan gari, don titunan ruwa ne. Na uku, kasuwar kifi: ka riƙe ɗanyen kifi ta wutsiya, ka ɗaga kai ka zura. Na huɗu, Farin Gida, bene kan bene har goma, da wani ɗaki da ke hawa da kai ba ka taka matakala ba. Na biyar, gidan namun daji. A can wai ya yi kiciɓis da kura.

"Na ce mata, ke 'yar gida, wa ya kawo ki nan?"

"Ta amsa, Kawu?"

"Ta dube ni, na dube ta. Na ga ita ma tambayar da za ta yi mini ke nan."

Zango na shida shi ke watsa taro. Wai a bayan gari akwai wasu injuna masu fukafukai, iska ke juya su, ba su da aiki dare da rana sai kwashe ruwa daga gonaki a zubar a kogi, saboda ya yi musu yawa. A Makka za ka faɗi wannan? Gaban mutanen da ke bin layi da garwa tun asuba? Nan kowa ke fashewa da dariya ya nemi takalmansa. In an ce, "To na bakwai fa?" sai ya ɗaure fuska: "Na bakwai sai wanda ya gaskata shidan." Shi ya sa ba wanda ya taɓa jin sa. Kuma abin da yake nema a duniya ke nan, mutum ɗaya ya ce masa, "Ilu, gaskiya ka faɗa." Da yake Allah bai ba shi haihuwa ba, ni yake sa wa ido.

Kun tuna Bagobirin nan da ya sauka wurinmu, wanda ya yi shekara huɗu a hanya da ƙafa ta Cadi da Sudan? Bawan Allah ya roƙi a kai shi ziyara. Kawu ya ce shi zai kai shi. Ya nuna masa wuraren duka, ba laifi, amma tsakanin kowane wuri da wuri sai ya saka masa gada da kifi da kura. Da suka dawo, mutumin ya ja ni gefe, fuskarsa duk damuwa, ya ce, "Ɗan'uwa, kar in yi aikin banza. Shi wannan Rotadam ɗin, kahin Arfa aka zuwa ko bayan Arfa?"

Sai batun kifi. Wata shekara ya rantse sai ya nuna mana zango na uku da idonmu. Ya sa wani mai raƙumi ya taho masa da kifi daga Jidda, kwana biyu a hanya, a tsakiyar zafi. Inna Delu ta toshe hanci ta ce, "Malam, ko mage ta ƙi shi." Ya ce mage ba ta je Turai ba. Ya barbaɗa gishiri, ya yanka albasa, ya riƙe wutsiya, ya ɗaga kai. Kwana uku yana zirga-zirga tsakanin tabarma da bayan gida. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Kifin ba shi da laifi. Garin ne ba sanyi."

Amma ranar da ya fi kowa farin ciki ita ce ranar babbar ambaliya. Kun san Misfala gangare ce, duk ruwan duwatsu nan yake zubowa. Mata na ihu, maza na jidar buhuna zuwa kan soro, ni ina neman akuya. Can na hango Kawu a lungu, ya ciro ƙyauren ɗaki ya hau, yana tura shi da sanda, rawani ya jiƙe sharkaf, yana ƙwala wa maƙwabta kira: "Kun gani? Kun gani? Haka take kullum! Wannan zango na biyu ne!" Inna Delu ta leƙo daga sama ta ce, "Su ma can ƙyauren ɗakin matansu suke cirewa?"

To, ku yi dariyarku ku gama, don abin da ya rage ba na dariya ba ne, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan babban yaƙin Turawa ya ƙare, jirage suka dawo, gari ya cika da alhazai fiye da da. A bazan sai an yi dambe. Kafaɗata ta tsage, riga na mannewa a ciwon. Wata rana na shigo da garwar ƙarshe, na tarar da baƙi uku da zane a ƙasa. "Hamidu! Moya!" Ni kuwa kun san halina, ba na tauna magana. Na jefar da sanda na ce, "Kawu, wallahi ya isa! Shekara nawa kana zubar da gumina a ƙasa saboda garin da babu shi? Ƙarya ce! Kowa ya san ƙarya ce, kunyarka ake ji!"

Gaban baƙi na faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hamidu, zauna. Yau zan faɗa maka na bakwai ko ba ka gaskata ba."

Na ce ina da aikin yi. Na fita.

Ban tsaya nan ba, kaicona. A cikin gidajen da nake kai wa ruwa akwai wani dattijon Jawa, Alhaji Mansur, wanda na ji an ce ya yi shekaru yana aiki a Hulanda har yaƙi ya rutsa da shi a can. Na roƙe shi ya zo gidanmu shan shayi. Ban ce masa komai ba sai dai akwai tsoho mai son hirar ƙasar. Na kuma bi maƙwabta gida gida na gayyato su. Niyyata ɗaya: mutumin ya buɗe baki ya ce babu wannan, babu wancan, a yi dariya ta ƙarshe, in huta.

Bayan la'asar aka hallara. Ranar da kaina na miƙa buta. Kawu ya zana, ya tsiyaya, ya fara da Larabci don baƙo ya ji. Yana ambatar gada, Alhaji Mansur ya ajiye finjali ya matso. Ya karɓi sandar ya gyara wani layi ya ce, "Nan take, ba nan ba. Amma haka take tashi, na gani da idona." Kifi, gaskiya ne. Ɗaki mai hawa, gaskiya ne. Injunan zubar da ruwa, ya ce ai ba don su ba da ƙasar ta nutse. Kawu yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina. Ni na rasa inda zan sa idona.

Da a nan aka tsaya, da na ce Allah ya juya mini sharrina ya zama alheri. Sai Alhaji Mansur ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ya shehi, ashe ba ka ji ba?"

Ya ce a farkon yaƙi jiragen sama sun zubo wa garin wuta a yini ɗaya. Gadar tana nan, an gyara ta. Farin Gida yana nan, shi kaɗai a tsaye cikin fili. Tsohon gidan namun daji ya ƙone. Kasuwa ta ƙone. Titunan ruwan ma, da yawa an cike su da ɓaraguzan gidaje, yanzu ƙasa ce ake takawa.

Kawu ya karɓi sandarsa. Sannan ya sa bakin sanda a wani ɗan lungu bayan kasuwar kifi, inda bai taɓa zuba ruwa ba. Ya ce, "Nan fa? Akwai gida mai koren ƙyaure. Wata tsohuwa ce, tana ba ma'aikatan jirgi hayar gado."

Alhaji Mansur ya girgiza kai. Ya ce unguwar nan ko bango bai tsira ba. Mutanenta, wasu sun gudu, wasu ba su samu gudu ba.

A nan muka ji zango na bakwai, ni da duk waɗanda na tara don su yi dariya. Ashe da jirgi ya isa, sanyi ne ya kama ƙirjinsa, aka sauke shi aka manta da shi. Tsohuwar nan ce ta ɗauke shi, ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Fiye da wata guda tana ba shi madara mai zafi da cokali. Da ta lura ba ya cin naman da suke ci, ta daina dafa shi a gidan. Da ya miƙe, ta sa masa rigar ɗanta da ya mutu a teku, ta riƙe hannunsa ta zaga da shi gari cikin kwana biyu, wuri shida, tana nunawa tana dariya. Duk Rotadam ɗin da ya sani ke nan.

"Na bakwai," in ji shi, "ka koma ka ƙwanƙwasa ka ce ka gode. Ni jirgi ya yi kira da sassafe, ta tafi sayen burodi, ban jira ba. Kullum na yi ɗawafi sai na roƙi Allah ya shirye ta, ya kuma aiko wani mai zuwa can in ba shi saƙo."

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka sulale ɗaya ɗaya, Inna Delu ta shige ɗaki tana share ido da mayafi. Daga ranar bai sake zane a tsakar gida ba. Baƙi su zo su roƙe shi, har waɗanda da suke masa ba'a, sai ya ce, "Shi ke nan, an rufe garin."

Washegarin zuwan Alhaji Mansur, muna tafiya Harami sallar azahar, ni da shi, ya dafa kafaɗata, mai lafiyar, ya ce, "Hamidu, na san ranar nan zafin ciwo ne ya sa ka magana. Sai ga shi ka je ka nemo mai shaida ka wanke ni gaban jama'a. Ko ɗan cikina iyakar abin da zai yi ke nan. Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Amin, Kawu."

Shi ke nan abin da na ce. Ya yi shekara uku bayan nan yana ba kowa labarin kirkina, ku ma a bakinsa kuka ji, har wasunku ke yaba mini. Sau nawa na buɗe baki in gaya masa gaskiya, in nemi gafara, sai in ga ita kaɗai ta rage masa, in haɗiye. Na ce gobe, na ce bayan Hajji. Ina Mina ina dakon kayan alhazai aka zo aka ce mini ya cika.

To yau kun ji. Ban kawo mutumin nan don in wanke Kawu ba, don in kunyata shi na kawo shi, kuma albarkar da ya sa mini ban cancance ta ba.

Ya Allah, ka san Ilu bai yi ƙarya ba. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa, ka yafe masa kurakuransa. Tsohuwar nan, kai ka san sunanta, kai ka san inda ta ƙare, mun bar ta a hannunka. Ni kuma, in akwai mai sauran tausayina a cikinku, ya roƙa mini Allah ya sa Kawu ya yafe mini ranar da zai ji, gobe kiyama.