Ƙatuwar Tayar Kawu a Hanyar Gawu

SULEJA

Ana idar da sallar asuba Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata, ya tayar da babur, ni kuma na ɗare baya rungume da ƙunshin goro. Gawu muka nufa. Matar amininsa Malam Isa ta haifi namiji, an kuma yi wa Kawu alkawarin takwara. Sai dai surukin Malam Isa, wani Alhaji Haruna, shi ma ya ƙyalla ido a kan sunan. Saƙon da aka aiko bai da ƙumbiya-ƙumbiya: in Kawu yana wurin sa'ad da za a raɗa suna, yaro Garba ne. In ba ya nan, Malam Isa ba zai iya kallon surukinsa ya ce a'a ba.

Kafin mu fita daga unguwarmu ta Wambai, bari ku san abin da muke kai. Ana gobe tafiya tayar gaba ta fashe. Kawu ya shiga kasuwa yana auna tayoyi da taƙi kamar mai sayen yadi, ya zaɓo wadda ta fi kowace ƙiba. Sande mai faci ya juya ta, ya girgiza kai.

"Oga Garba, wannan ba lambarka ba. Na baya ne. Zai goga."

"Lamba ta Bature ce," in ji Kawu. "Kuɗinsu ɗaya, wannan ta fi roba. Sa mini!"

Da sabulu da gumi da zagi aka cusa ta. Tsakaninta da madigadi, ƙarfen nan da ke rufe saman taya, ko kyankyaso sai ya yi azumi zai wuce.

Muka hau titi tayar na kuka kwiii-kwiii, karnuka na amsawa. In Kawu ya karya kan babur dama, sai tayar ta yi shawara da 'yan'uwanta tukuna.

LAMBATA

Ƙarfe shida da rabi muka iso shingen 'yan sanda. Wani kofur ya zagaya mu sau biyu.

"Malam, takardar babur zan tambaya ko ta tarakta?"

Kawu ya ce wannan sabon yayi ne, bai iso ƙauye ba tukuna. Kofur ya ɗaga mana sandar shingen yana dariya. Na roƙi a tsaya na sayi ƙosan kwabo biyar, Kawu ya ce wanda za shi cin ragon suna ba ya ɓata cikinsa.

HANYAR GAWU

Nan kwalta ta sallame mu, ga shi an kwana ana ruwa. Jan taɓo ya riƙa cushewa a ɗan wurin kyankyason nan har tayar ta ƙame ƙam. Babur ya tsaya, mu ba mu tsaya ba. Ni dai na rantse na ga rufin gidanmu daga sama kafin na sauka a gonar dawa.

Muka sakace taɓon da kara, muka ɗan matsa, ta sake ƙamewa. Rana kuwa sai hawa take. Wani manomi mai fartanya a kafaɗa ya tsaya yana kallonmu.

"Cire mata hula mana, ta sha iska."

Kawu ya zaro sifana ya kwance madigadin, ya ɗora mini. Taya ta saki, gudu ya daɗu. Amma duk taɓon da ta kwasa, Kawu take miƙa wa: ƙirji, gemu, hula, da farar babbar rigar da ya kwana uku yana hana mu numfashi kusa da ita.

"Kawu, kana gani kuwa?"

"Rufe mini baki, ɗan nema!" Bai rufe nasa da wuri ba, ya samu loma.

GAWU

Mun iso ana zazzaune a tabarmi, liman bai fara addu'a ba. Kawu ya dira ya nufi zaure, ja wur tun daga hula har takalmi, kamar tulun da ba a gasa ba. Wani saurayi ya tare shi.

"Yawwa, magini ya iso! Baba, katangar da ruwa ya kayar tana baya."

"Ni ne Garba!"

"To Garba, zagaya. Nan wurin baƙi ne."

"Kira mini Isa!"

"Malam Isa dai. Ka gama aikin, zai sallame ka."

Da na yi shaida, amma dariya ta riƙe mini wuya. Suna cikin wannan ja-in-ja aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya:

"Yaro sunansa Haruna! Allah ya raya Haruna!"

Da Malam Isa ya fito, ta murya ya gane amininsa. Ya yi salati, ya ba da haƙuri, ya sa aka kawo ruwa bokiti biyu. Alhaji Haruna kuma ya aiko wa Kawu da aron riga, wadda ta tsaya masa a gwiwa.

KOMOWA

A bayan motar doya muka dawo, babur a kwance. Muka shiga gida da la'asar. Inna ta tarye mu da murna.

"Garba, yaya takwara?"

"Yaya, damina ce ta cuce ni," in ji shi. "Amma tayar, ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da direban doya, da masu ragon suna. Babbar godiya kuwa ta Kawu ce, wanda faɗin jikinsa ya tare mini komai. Gaban rigata fes yake har yanzu.