Malama da 'Yar Kwamfutarta a Bakin Jirgi

A tashar jirgin ruwan Suva, tsohuwa Sainimili mai dafaffen rogo tana ƙare wa wata baƙuwa kallo. Siririya ce, yatsunta duk alli, ko ba a faɗa ba malamar ƙauye ce. A cinyarta akwai kwamfutar da ba ta fi sabulu ba, tana ɗaura mata sabuwar ma'ajiyar bayanai mai sauri da zaren kwakwa.

"'Yata, jirginku na kuka, kuma in ya tashi sai wani watan fa."

"Ya yi ta yi, Kaka. Bara ban gwada ba, sai a tsibirinmu na tarar katin da littattafan ke ciki ya mutu, yara suka yi zangon karatu guda ba littafi. Sai wannan ta buɗe zan tashi."

Sainimili ta harari ma'aikacin da ke shirin janye tsanin hawa jirgin. "Kai, taɓa shi ka gani."