Ranar da Babur Ya Daina Karkarwa

Shekarun baya, daminar da ruwa ya cinye hanyar Baturiya har aka koma fito da kwale-kwale, autana yana da wani babur na hannu da ya sayo daga Kano. Ƙato ne, ba irin na 'yan acaɓa ba. Da shi yake zaga fadama yana sarin bandar kifi, shi ne abincin gidansa, da shi kuma yake kai ni unguwa.

Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Tun hawan farko na leƙa ta kafaɗarsa na ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a kan babur ɗin. In ya murɗa makulli sai ta kama, kafin mu kai gindin darbejiyar bakin layi ta mutu. Ban damu da ita ba. Abin da ya dame ni shi ne birki. Duk sa'ad da ya taka shi da ƙarfi a yashi ko a taɓo, sai babur ya ɗauki karkarwa kamar mai zazzaɓi, har cikin ƙugu nake jin ta.

Na ce, "An sayar maka da mara lafiya."

Ya ce, "Inna, haka aka yi shi. Ebiyes ake ce masa."

Na ce, "Ko mene ne sunansa, abu mai lafiya ba ya rawar jiki."

Wata Asabar muka tsallaka zuwa sunan jikata. Masu fito su huɗu suka ciccibi babur suka saka a jirgi, kowa ya kama inda hannunsa ya faɗa. Da muka sauka muka kama hanya, na leƙa, fitilar tana nan ba ta mutu ba. Da muka zo gangara ya taka birki, shiru, babu karkarwa. Ni kuwa na ji daɗi har raina.

Washegari ya shigo gaishe ni, ya ce zai ajiye sarin kifi ya kai babur a duba, fitilar nan ba ta kwanta masa ba. Na ce, "Yanzu da ya warke za ka kai shi a taɓa? Ka bar shi yadda Allah ya bar shi." Ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Haka na tarbiyyantar da su, in na yanke magana ba a ƙara mini.

Ba a yi mako biyu ba, yana dawowa ta wajen Kaugama bayan an ɗauke ruwa, shanu suka fito daga cikin doguwar ciyawar kacala suka tare hanya. Ya damƙe birki yadda ya saba. Taya ta ƙame, ta ja a santsi, babur ya kwanta da shi. A bayan akori-kura aka kawo mini shi, ƙashin kafaɗa ya karye, kwandunan kifi duk laka. Mai ɗori ya ce wata biyu ba hawa, a daidai lokacin da kifi ya fi yawa.

Na sa mayafi, na sa aka tura babur zuwa wurin wani bakanike a cikin Haɗeja. Ya durƙusa ya nuna mini wata siririyar waya a gindin tayar gaba, ta tsinke, da alama nan hannun mai fito ya kama.

Ya ce, "Hajiya, wannan ce take gaya wa birki taya za ta ƙame. Sai ya riƙa kamawa yana saki, yana kamawa yana saki. Karkarwar da kike ji ke nan."

Na ce, "Wato ciwon shi ne lafiyar."

Ya ce, "Ke kika faɗa." Sannan ya ce ba a samun irin wayar a nan, amma birki na ci, in fitilar ce ta dame mu zai liƙe ta da baƙin salatif.

Na ce, "Ɗan nan, in uwarka ta yi nishi, salatif kake liƙa mata?" Masu zaman benci suka bushe da dariya. Daga Kano aka aiko da wayar, a gabana ya ɗaura ta.

Na koma gida na sami autana a kishingiɗe, hannu a rataye. Na ce, "Ni na kayar da kai, ba shanu ba." Ya ce, "Haba Inna." Na ce, "Na dai faɗa." Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan.

In na tuna yanzu, ba rashin sanin ne yake tsaya mini ba, ai ba wanda ya san komai duka. Idona ya ga fitilar tun kafin kowa. Yaron kuma ya san ma'anarta, ni na hana shi faɗa.

Har gobe babur ɗin yana nan. Kullum da safe nakan tsaya a gindin darbejiya da carbina, ya rage gudu, in leƙa in ga fitilar ta mutu, sannan in ce Allah ya tsare. Matan layi suna ce mini 'yar sanda. In kuwa ya goya ni muka shiga yashi, karkarwar tana nan, har yau ba na son ta. Sai dai in ƙara riƙe rigarsa in yi shiru.