Gidaɗo, Mai Zagayawa da Baƙi

Da an sallame sallar asuba, Malam Gidaɗo zai goge tsohuwar motarsa ya nufi tashar Jega. Ba lodi yake jira ba kamar sauran direbobi. Baƙi yake nema, irin waɗanda suka zo ganin gari ba su san ta inda za su fara ba. Ranar kasuwa ya bi da su rumfa rumfa, daga masu tabarmi zuwa mahauta. In rani ya yi ya kai su lambunan albasa na Aliero da Kashin Zama, su ga kore har iya ganin ido. Mai sauran ƙarfi kuma ya wuce da shi Andarai ta ƙasar Maiyama, wurin abokinsa Tamu mafarauci, mai karnukan da ake labarin gudunsu.

A can ne abin da ya fi damunsa a rayuwa ya same shi. Wata shekara wani baƙo, Alhaji Safwan, ya zo daga Jos da mahaifiyarsa, Goggo Tani. Tsohuwar ta ce tana tsoron kare, Gidaɗo ya ba ta tabbacin ba abin da zai taɓa ta. Tamu ma bai so ya kwance karnukan ba, ya ce ba su saba da baƙin fuska ba. Gidaɗo ne ya matsa, don yana son baƙinsa su koma da labari. Ana kwancewa wani jan kare ya zabura ya bangaje Goggo, ta faɗi a kan hannunta, ƙashi ya karye.

Waɗanda suke wurin sun ce Gidaɗo ne ya ɗauke ta zuwa mota, bai tsaya ba sai ƙofar wani mai ɗori a Aliero. Alhaji Safwan bai zage shi ba, ko harara bai yi masa ba, kuma wannan ya fi ƙona shi. Ya koma gida ya rufe mota da tamfol. A masallaci sai ya raɓe a sahun baya, ya fita kafin a gaisa. Kullum matarsa Dije yake aikawa da fura da tuwo ta kai wa majinyaciyar, amma shi ya kasa zuwa. Ya ce wa Dije, "Da wane ido zan dube ta? Ni nac ce mata kar ta ji tsoro."

Da hannu ya fara kamawa, Goggo Tani ta ce ba za ta ƙara cin abincin gidansa ba sai ya zo da kansa. Ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, ba na Tamu ba.

"Na ji, na kuma yafe," in ji ta. "Amma ɗana, lambu na zo gani, ka ajiye ni a ɗaki ka ɓuya. Tashi ka ɗauko mota."

Ya kai ta, hannunta a ɗaure, manoma suka cika mata ƙwarya da albasa. Tun daga ranar bai sake yarda a kwance kare gaban baƙo ba. Kuma duk wanda zai kai Andarai, sai ya fara faɗa masa da bakinsa abin da ya taɓa jawowa, ko da baƙon zai fasa.

Bana ido ya gaza, ya ajiye tuƙi. Da aka ce za a rubuta wannan jinjina sai ya rufe fuska da hannun riga, ya roƙi a bari, wai bai cancanta ba.

Ka cancanta, Gidaɗo, masaukin baƙo. Kai ne ka sa mutanen nesa suka san Jega ba wurin wucewa ba ce kawai. Kai ne ka ɗauki laifinka ba ka jingina wa kowa ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Ku kuma matasan direbobi, ba hanyoyin kawai za ku koya a wurinsa ba. Ku koyi wannan kunyar, domin mai ita ne ake iya damƙa wa mahaifiya a kwantar da hankali.