Ranar da Aka Gan Ni a Gafasa Alhali Ina Kamaru

Jama'a, abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, Allah ne shaidata, kuma tsufa ya kai ni inda ƙarya ba za ta ƙara mini komai ba.

Ni mutumin Gafasa ne ta wajen Ajingi, lokacin duk ƙasar Gaya ake cewa. Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru na bi fatake na faɗa Kamaru, can cikin duwatsun da ke gaba da Mubi, na samu aiki wurin wani Bafaranshe mai masaukin baƙi. Dawaki gare shi, ni kuwa a gindin turke na tashi, don mahaifinmu dillalin dawaki ne a kasuwar Gaya. Aikina in ɗora Turawa masu yawon buɗe ido a kan doki in zaga da su cikin duwatsu. Mushe ake ce wa mutumin, wai da yarensu maigida ke nan, mu dai in mun faɗa, mushen da kuka sani muke nufi.

Kada ku ji an ce hawan doki ku ɗauka daɗi ne. Da na idar da sallar asuba zan yanko ciyawa, in kwashe kashi, in ba su dusa da kanwa, in ɗaura sirada, sannan Mushe ya sa in naɗa wani shuɗin rawani in rufe fuska kamar Buzu, wai haka baƙi suka fi so a hoto. Ni da ban taɓa taka Agadas ba! Sunana ma ba wanda ya damu da shi, kowa Ali yake ce mini. Ƙato zai zo bai san linzami ba bai san likkafa ba, ya yi ta fizgar bakin doki har jini, in ya faɗo kuma ni za a zaga.

Rannan da damina, lokacin da baƙi suka fi yawa, sai ga Malam Idi, wani falke ɗan Kademi mai kawo goro. Ya ja ni gefe ya ce, "Innarka jiki ya yi tsanani, kai kaɗai take kira. In da hali ka kama hanya yau." Na je wa Mushe har da durƙusawa. Ya ce sai baƙi sun ragu. Takarduna na shiga ƙasa suna hannunsa, ya ce in na kuskura na fita zai gaya wa jandarma, 'yan sandan ƙasar, doki na sata, su kamo ni kafin in kai iyaka. Wallahi haka ya ce, yana kurɓar kofi, ko kallona bai yi ba.

Ba a yi mako ba, wata ranar Talata, na fita da baƙi da hantsi. Ina kan wani danda mai tsagaggen kunne, doki mai hankali wanda ko maciji ya gani ba ya zabura, a bayana kuma wata Baturiya ce mai jan gashi, irin mutanen nan da komai dariya yake ba su. Muna shiga tsakanin wasu duwatsu biyu sai danda ya ja ya tsaya cak. Na zungure shi, na yi masa magana, ina! Sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba irin ta dutse ba, irin rairayin garinmu in an tona shi. Na ɗaga kai, innalillahi, babu duwatsu a gabana. Gero ne ya kai ƙirji, ga tsamiyar bakin maƙabartarmu, ga mutane sun kewaye rami, ga makara a ajiye, ga yayana Haruna a tsugune, ƙasa duk a gwiwar wandonsa.

Na yunƙura in sauka, ƙafata ta ƙi fita daga likkafa. Na buɗe baki in ce "Yaya", harshena kamar an ɗaure. Ina gani aka saka gawar a ramin, ina gani aka jera itace, aka fara tura ƙasa. Yaya Haruna ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, kallon da har gobe ban manta ba. Ana cikin haka sai Baturiyar nan ta ƙyalƙyale da dariya a bayana, ashe ita doki take gani ya ƙi tafiya, ni kuma na sandare a kai kamar gunki. Dariyar na tashi komai ya ɓace, ga duwatsu, ga danda yana tsuma, gumi ya wanke shi kamar ya yi sukuwar yini. Har hoto suka ɗauke ni.

Sai bayan kaka Mushe ya jefo mini takarduna. Na iso Gafasa na yi sallama a ƙofar gidanmu, Yaya Haruna yana zaure yana gyaran igiya, ya amsa sallamar don ta zama dole, bai miƙo mini hannu ba. Na ce, "Yaya, ina Inna?"

Ya ce, "Au, tambaya kake? Ba a gabanka muka rufe ta ba?"

Na ce wallahi ina Kamaru. Ya ce, "Kar ka rantse mini. Ka zo a kan danda mai tsagaggen kunne, ka ja rawaninka ƙasa mun ga fuskarka, ka tsaya kana kallonmu daga sama kamar ka zo duba gona. Uwar da ta mutu da sunanka a baki, ko saukowa ba ka yi ka zuba mata ƙasa ba. Kuma ka rasa wadda za ka jawo mana sai Baturiya, tana yi mana dariya muna binne uwarmu."

Jama'a, ashe ranar Talatar nan aka binne ta, da hantsi. Na bi dattawan da suka je jana'izar ɗaya bayan ɗaya, kowa maganarsa ke nan, har liman. Wani ya ce ya matso zai kama mini linzami, sai na juya na shige cikin gero. Na nemo Malam Idi ya zo ya dafa Alƙur'ani cewa duk daminar nan ina Kamaru, ƙafa da ƙafa kuma tafiyar makonni ce. Suka ce to su idonsu ne ya yi ƙarya? Wasu suka ce tsafin ƙasar duwatsu na koyo, abin ya ƙara lalacewa, yarinyar da aka yi mini alkawari ma aka fasa.

Ni da Yaya Haruna mun yi shekaru muna gida ɗaya, katanga ce kawai tsakaninmu, gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Da ciwon ajali ya kama shi na zauna a kansa na ce, "Yaya, ka yarda da ni ko sau ɗaya." Ya juya fuska bango ya ce, "Da ka sauko." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Shi kuwa Mushe na ji labari ya tsufa lafiya lau a ƙasarsu.

Tun da na dawo ban sake ɗora ƙafa a likkafa ba, noma na kama. Amma ga abin da ke hana ni sakewa: har yanzu, in damina ta yi nisa, matan da ke kai abinci gona sukan dawo su ce sun ga mai doki a tsaye a gindin tsamiyar maƙabarta, yana ta kiciniyar sauka ya kasa. Ni kuwa a lokacin ina zaune a ƙofar gida, mutane na gani na. To wane ne a kan dokin? Na tambayi malamai, kowa sai ya ce in yi ta addu'a.

Ku da ke ƙasar wasu kuna wa wani bauta, in aka ce mahaifiyarku na kira, ku taso ko da ɗauri za a yi muku a hanya. Ku zo da ƙafarku, tun wani abu bai riga ku zuwa ba.