Katin Ayari da Jirgin Sawakin

Shekarun baya, lokacin ina jan ƙaramar bas tsakanin unguwannin Misfala da Aziziyya a Makka, na yi wani lissafi da har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. Duk wanda ya san ni a wancan zamanin ya san ni da maƙo, ko da yake ni tattali nake kiran abin. Ko tumatir zan saya sai na leƙa shago uku.

A Makka aka haife ni, amma mahaifiyata a Sudan aka haife ta. Iyayenta mutanen ƙasar Kano ne da suka kamo hanyar Hajji ta ƙasa, suka yada zango a Gadarif suna noma don tara guzuri, har zangon ya zama shekaru. Can aka haife ta, ita da yayarta. Da mahaifinsu ya tashi ƙetare teku, sai ya ɗauki matarsa da ƙaramar 'yar, ya bar babbar wajen kakarsu da ba ta iya tafiya, a kan cewa da an gama Hajji za su koma. Allah ya yi masa rasuwa a nan, ba a koma ba. Fiye da shekara arba'in 'yan'uwan nan biyu suna gaisawa ta kaset, daga baya ta waya, ba wadda ta sa ɗaya a ido.

Wata rana aka bugo daga Gadarif aka ce idon yayar ya fara rufewa. Mahaifiyata ta ajiye wayar. Can ta ce, "Kai, ka kai ni ta ga fuskata tun tana gani."

Na ce, "To Umma, sai mu nemi jirgin sama."

Ta ce, "Keken ɗinkin fa, a kaina zan ɗora? Da jarkokin zamzam, da dabinon, da barguna? Ta ruwa aka kawo ni, ta ruwa zan koma."

Da na ga ba za ta sauya magana ba, sai na fara neman yadda zan sa motata a jirgin ruwan da ke tashi daga Jidda zuwa tashar Sawakin ta Sudan, daga can mu kama hanyar Gadarif. Takardu kawai sun ci mana wata biyu, tsakanin bizar Sudan, da ta fita da dawowa, da takardun motar. Kafilina kuma, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba ni kwana ashirin, ya ce ko yini ɗaya kada in ƙara.

Abokina, wani makanike da ke gyara mini mota, shi ya fara yi mini zancen ayari. Ya ce akwai mutanenmu da ke ƙetarawa da motoci, wasu 'yan kasuwa, wasu masu ziyara, sun haɗa ƙungiya suna kiranta ayari, shugabansu kuma madugu. Kana biyan kuɗin shekara a ba ka kati. Su kuma sai su kama gurbin motoci da yawa a jirgi lokaci guda, kamfanin jirgin ya yi musu ragi.

Da jin kalmar ragi kunnena ya tashi. Na je na tambayo kuɗin kati, na tambayo ragin, na zauna da biro a bayan wata takardar mai. Abin da ya fito shi ne, in sau biyu ko uku kake ƙetarawa a shekara, katin zai fanshi kansa har ya bar maka na shayi. Amma ga mai tafiya ɗaya kamata, kuɗin katin ya fi ragin. Na ji kamar na kama ɓarawo.

Ban tsaya nan ba, sai da na je har wajen madugun don in nuna masa. Dattijo ne ɗan Damagaram, kullum bayan la'asar yana zaune a wani shagon shayi a ƙasan Misfala. Na shimfiɗa masa takardata, na yi ta bayani. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaro, lissafinka daidai ne. Tafiya ɗaya ba ta biyan kati."

Na ce, "To Baba, me ya sa kuke sa mutane suna shiga?"

Ya ce, "Wa muka sa? Sha shayinka kada ya huce."

Na tafi Jidda da kaina na sayi tikitinmu da na motar a wani ofishin dillalai, cikakken kuɗi. Na dawo ina ba mahaifiyata labarin yadda na tsallake tarko. Tana ɗaure ƙullin yaji, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Madalla da mai wayo."

Ranar tafiya muka bar Makka bayan asuba. Motar ta cika har rufi. Wajen hantsi muna cikin layin motoci a tashar jiragen ruwa, rana tana dukan ƙarfe, ga warin teku da na dizal. 'Yan ayari suna gefe guda da motocinsu goma sha wani abu, sun shimfiɗa tabarma a inuwar wata babbar mota suna cin gurasar tamis da waken ful. Na kau da kai kamar ban gan su ba.

Da layi ya zo kaina, wakilin dillalan ya karɓi takardata, ya duba tasa, ya ce wurin motoci ya cika. An sayar da gurbi fiye da abin da jirgin zai ɗauka, kuma waɗanda suka kama a dunƙule su ake fara shigarwa. Mu mutane za mu iya shiga, motar kuwa sai jirgin da ke da wuri, nan da kwana tara. Na yi Larabci, na yi rantsuwa, na ɗaga murya. Ya ce, "Halas, ya ahi, ba ni na ƙera jirgin ba," ya kira na bayana.

Na koma mota ina lissafi. Kwana tara daga cikin ashirin, ga kwana biyu na zuwa, biyu na dawowa, ban da jirgi. In kuma muka bar motar, gwiwoyin mahaifiyata ba za su iya hawa da saukar motocin haya ba, balle kayan nan. Na gaya mata yadda ake ciki, ina kallon sitiyari.

Ta kwance bakin gyalenta, ta zaro wani kati mai ruwan ɗorawa, ta miƙo mini. Sunana ne a jiki, da lambar motata.

Na ce, "Umma, wannan fa?"

Ta ce, "Na biya ta hannun matar madugu tun watan jiya, da kuɗin yajin da na sayar wa alhazai. Ubanmu shi kaɗai ya ƙetaro da mu, ba shi da kowa, ka ga yadda ta ƙare. Tashi ka kai wa madugu."

Tafiyar nan daga motata zuwa tabarmar 'yan ayari ba ta kai taku hamsin ba, amma ban taɓa jin nauyin ƙafa irin na ranar ba. Madugu ya karɓi katin, bai yi mini gori ba. Ya ce matsalar ita ce ban sayi tikiti ta hannunsu ba, don haka ba su ƙirga motata ba, gurbinsu kuma iya motocinsu ne. Sai ya juya ga jama'arsa ya ce, "Ga ɗan'uwanku da tsohuwa. Shekara arba'in ba ta ga yayarta ba, idon waccan kuma yana tafiya. Wa zai iya jiran jirgi na gaba?"

Kowa da uzurinsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Can wani siririn mutum da ya cika akori-kura da katifu da fankoki ya share hannunsa, ya ce, "Katifa ba ta ruɓewa. A sa tasa."

Madugu ya shiga ofis da takardunmu, ya fi awa ɗaya, ya fito an sauya suna. Ragi kuwa ban samu ko na halala ɗaya ba, wato kwabon Saudiyya, tunda na riga na biya a waje. Ina jin a tarihin ƙungiyar nan ni kaɗai ne na biya kuɗin kati kuma na biya cikakken kuɗin jirgi.

Bayan la'asar jirgi ya ɗaga. Na kai mahaifiyata sama inda iska take, na samo mata kujera. Tana kallon gine-ginen Jidda suna ƙanƙancewa, ta ba ni labarin jirgin katakon da ya kawo su, yadda ta yi ta amai, da yadda yayarta ta biyo su da gudu har bakin gona ranar da za su bar Gadarif, tana cewa a sayo mata zobe. Ban taɓa jin wannan labarin ba, ni da na girma a ɗakinta.

Da safe muka sauka Sawakin. Daga nan motoci suka jeru, madugu a gaba, mu a tsakiya. Inda aka tsaya salla a tsaya tare, inda taya ta fashe kowa ya fito. Matan ayarin suka ɗauke mini mahaifiyata gaba ɗaya, a motarsu ma ta ƙarasa rabin hanyar.

Mun isa Gadarif rana ta biyu da yamma. Yayar tana zaune a kan gadon igiya a tsakar gida. Mahaifiyata ta yi sallama. Tsohuwar ta ce, "Matso, matso nan." Ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ta wajen haske, ta kawo idonta kusa kamar mai zura zare a allura. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Ke, ashe kin tsufa haka?"

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ke kin ga kanki kuwa?"

Suka fashe da kuka da dariya lokaci guda. Ni na fita waje ina sauke kaya, don kada a ga nawa idon. Kafin magariba na jiyo su suna musu a kan wadda ta fasa tulun kakarsu, kowacce ta rantse ba ita ba ce. Kwana goma sha biyu muka yi. Kafin shekara ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya.

Mai katifun nan ban sake ganinsa ba sai bayan shekara biyu, a wani shago a Aziziyya. Na gabatar da kaina, bai gane ni ba sai da na ambaci tashar jirgi. Daga abokina makanike na ji cewa jinkirin ya sa kasuwar Salla ta wuce shi a can, ya sayar da kayan a faɗuwa. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni ya ce, "Ta gan ta?"

Na ce, "Ta gan ta."

Ya ce, "To alhamdu lillahi," ya ci gaba da jera kayansa.

Yanzu mahaifiyata da yayarta duk sun riga mu gidan gaskiya, madugu ma haka. Ayarin ya watse tun da hanyar can ta ƙi lafiya. In wani ya tambaye ni ko katin ƙungiya irin wannan yana rage kuɗin jirgi, gaskiya nake gaya masa: in tafiya ɗaya ce, ba ya ragewa, lissafina bai yi ƙarya ba. Abin da ban sa a takardar ba shi ne, akwai ranar da mutum ke da kuɗinsa a hannu da tikitinsa, amma sai wani ya yarda ya yi asara kafin ya wuce.

Har yau wani lokacin in aiki ya kai ni Jidda, nakan bi ta wajen tashar in rage gudu. Ba abin da nake nema. Nakan so ne kawai in shaƙi warin tekun nan da dizal, in tuna ina zaune a mota, mahaifiyata tana gefena da rai, tana kwance bakin gyalenta.