Shekarar da Aka So Harba Ɗana Sama

Ni ban yi boko ba, amma zance bai taɓa wuce kunnena ba. Lokacin da kuɗin fetur ya hau kan mutanenmu, ɗana na fari yana koyon tuƙin jirgin soja a Ingila. Ya ɗauko ni in yi wa matarsa wankan jego, don ita marainiya ce. Flat ɗinsu a unguwar Whitechapel yake, ruwa a kan gas, darbejiya kuwa sai wadda na ƙunso a akwati.

Ranar suna manya suka cika falo. Ina kicin ina tuƙa tuwo na ji suna gardama. Wani ya ce ƙasarmu ta fara da na'urar da za ta duba gonaki daga sama. Wani mai ƙaton ciki ya ce, "Haba Alhaji, wa zai yi wa na'ura tafi? Mutum za mu harba sararin samaniya, namu, duniya ta gani."

Alhajin ya ce, "To wa zai hau? Kai da ko lif tsoro kake ji."

Aka yi dariya. Sai muryar ɗana: "Ni na riga na ba da sunana."

Muciya ta tsaya a hannuna.

A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana ido da ido. Haka na riƙe shi, kuma har gobe ina alfahari da haka. To da wane baki zan ce kada ya tafi? Na bi ta matarsa, ta ce, "Inna, an riga an yi booking ɗin jirgi." Na koma kan jaririn. In uban ya shigo sai in ɗaga shi in ce, "Angona, tambayi mutumin nan, in ya mutu a can wa zai yi masa wanka? Wace ƙasa za a zuba masa?"

Ya shafa kan jaririn ya ce, "Gaya wa matarka gwaji ne kawai, a Amurka."

Na daina cin abinci. Na ɓoye takalmansa na soja a buhun shinkafa, ya sayo wasu. Ranar tafiya ya durƙusa a bakin ƙofa yana jiran albarka, ya daɗe. Bakina cike da magana. Na juya fuskata ga bango na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ba a harba kowa ba. Kuɗin ya ja baya, manyan suka koma wata gardamar. Shi dai ya sami aiki a can Amurka, ya aiko aka kai masa matarsa da ɗansa. Ni aka sa ni a jirgin Kano ni kaɗai.